Rahoton da Na Riƙa Wankewa

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Iyakar karatuna firamare ce da kwas ɗin tafireta na wata shida, amma babu rahoton da ya fita daga sashenmu bai bi ta yatsuna ba. A can na koyi ɗabi'ar da ta zo ta kunyata ni da furfurata. A wurinmu ana rubuta rahoto ne don hankalin mai gida ya kwanta. In rijiya ta rufta, sai a ce aikin yana fuskantar 'yan ƙalubale. In ba a fara haƙa ba ma, a ce shirye-shirye sun yi nisa.

Bayan na yi ritaya na zauna a gida Kazaure. 'Yata ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyata nake ce mata Uwata, ta karanci kwamfuta, tana aure a Kano. Wata rana ta zo da tsofaffin kwamfutoci huɗu a bayan mota. Ta ce ita da wasu mutane suna gina babbar manhaja, wadda ke tayar da kwamfuta ta kuma riƙe duk sauran manhajojin. Tasu kyauta ce, cikinta a buɗe yake, kowa na iya leƙawa ya gyara.

Na ce, "Wane ne shugabanku?"

"Babu shugaba irin wanda kake nufi, Baba."

"Kin taɓa ganinsu, abokan aikin naki?"

"Ko ɗaya. Wasu ma ban san ƙasarsu ba."

"Kuma babu albashi?"

Ta yi dariya. Na ce Allah ya kyauta.

Nata ɓangaren shi ne ta sa manhajar ta yi aiki a tsofaffin kwamfutoci, a garuruwan da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ta bar ɗaya a wurina, ta kai sauran Babura da Gwiwa da Roni. Aikina, duk ƙarshen wata in hau babur in zagaya, in ji koken masu amfani da su, in rubuta mata rahoto, ita kuma ta ɗora a shafinsu na intanet inda kowa ke bayyana inda aikinsa ya tsaya. Ta ce ai rahoto sana'ata ce. Na ji daɗin maganar ƙwarai.

Manhajar nan ta ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Kusan duk mako sai direban motar Kano ya kawo mini filas ɗin kwamfuta ɗauke da sabon gyara. A gyara haruffa masu lanƙwasa su fito, sai na'urar buga takarda ta ƙi motsi. A gyara ta, sai agogo ya koma lokacin wata ƙasa, ana kiran azahar yana nuna asuba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne shafin nasu. Ta nuna mini a wayarta. Kowane aibi an ba shi lamba, ga sunan mai ɓangaren a gefe. Ta karanta mini wani da ya rubuta cewa gyaran da ya yi makon jiya shi ne ya kashe sauti, a yi masa haƙuri. A bainar jama'a! Na ce a ofishinmu wannan da hannunsa ya rubuta takardar korarsa.

Kwamfutar Roni tana hannun wani malamin makaranta, shi ke tattara makin jarrabawa. Tun watan farko ya ce mini, "Baba Akawu, in aka ɗauke wuta ina cikin adana aiki, da ta dawo sai in buɗe fayil in tarar da shi fayau, har abin da na adana tun jiya."

Na dawo gida na rubuta cewa masu amfani sun nuna gamsuwa, sai 'yan ƙananan abubuwa da ba a rasa ba.

Wata na biyu ya rubuta koken a takarda ya ba ni. Na ninke na sa a aljihu. Na san sarai adana aiki ɓangaren Uwata ne. In na rubuta, aibin zai sami lamba, sunanta a gefe, mutanen da ba su san gidansu ba su karanta. Wane uba ne zai kai 'yarsa kasuwa ya tona mata asiri? Na ce in ta zo hutun Sallah na faɗa mata mu biyu. Sallah ta zo, gida ya cika da jikoki, na ce ba yanzu ba.

Ta ma tambaye ni a waya. "Baba, babu wanda ya yi maganar ɗauke wuta?"

"Lafiya lau."

"Ba gaisuwa nake yi ba fa, Baba."

"Na ce miki lafiya lau. Ko sai na dafa Alƙur'ani?"

Ta ce a'a, Allah ya huci zuciyata. Da rahotannina huɗu a hannu ta sanar da abokan aikinta cewa ɓangarenta ya kammala, an gwada shi wata huɗu a garuruwa huɗu. Suka yarda da maganarta, suka saki manhajar ga duk mai so.

Ƙarshen zango na uku, da hantsi, ɗan acaɓa ya sauke malamin Roni a ƙofar gidana, ya rungumo kwamfutar kamar mai kai mara lafiya asibiti. Makin makarantar gaba ɗaya ya tafi, ana saura kwana uku a raba sakamako.

"Baba Akawu, takardar da na ba ka, ta isa Kano kuwa?"

Na ce ya shigo ya sha ruwa tukuna.

"Na ƙoshi. Ta isa?"

Washegari Uwata ta zo, labarin ya riga ya kai mata. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta ce in ba ta takardar. Na lalubo ta a aljihun wata tsohuwar riga, har ta sha wanki. Ta warware ta, ta karanta ɗan rubutun da ya rage.

Na ce, "Rufa miki asiri na yi."

"Baba, ni ban taɓa ganin mutanen nan ba, su ma ba su taɓa ganina ba. Maganata kaɗai suka sani. Ita ka ɗauka ka kashe."

A zaurena ta zauna ta rubuta a shafin cewa ta janye sanarwarta, kada a dogara da rahotannin wata huɗun nan, laifinta ne da ba ta bincika da kanta ba. Ta karanta mini da Hausa. Na ce ta cire sunanta mana, ta ce kuskuren na'ura ne. Ta aika yadda ta rubuta.

Na zauna jiran zagi. Babu wanda ya zage ta. Wani ya tambayi irin kwamfutar, wani ya nemi a aiko masa fayil ɗin da ya lalace. Cikin kwana goma suka gano aibin suka toshe. Wannan ya fi zagin ƙona mini rai, abin kwana goma na ɗauka a aljihu wata da watanni. Sai dai sun yanke cewa daga ranar duk abin da ta ce ya kammala, sai wani ya sake gwadawa kafin a karɓa. Har yau haka ake yi mata. Kuma ban san mutum nawa ne a wasu wurare suka ɗauki manhajar a tsakanin suka yi asarar aikinsu ba.

Na yi kwana tara ina zuwa Roni, malamin yana karanto maki daga takardun jarrabawa ina bugawa. Na gwajin tsakiyar zango an riga an mayar wa ɗalibai, sai da aka bi gida-gida, wasu an ƙunshe ƙosai da su. Malamin bai ƙara ce mini Baba Akawu ba, Alhaji yake cewa.

Uwata ta karɓe rahoto daga hannuna, yanzu da kanta take kiran masu amfani da kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Da na yi ƙorafi sai ta ba ni wani aikin. Duk sabon gyara, in buɗe fayil, in fara adanawa, in fizge wayar wuta daga soket. Sau ashirin. In ƙirga sau nawa aikin ya tsira.

"Kada ka rubuta mini jimla, Baba. Lamba kawai."

Dattijo da ni, ina durƙuso ƙarƙashin tebur ina fizgar waya, gwiwa na ƙara. A gyaran da ya wuce, sau ɗaya fayil ɗin ya buɗe fayau. Na zauna da wayar salula a hannu ina cewa ai ɗaya cikin ashirin ba komai ba ne, wataƙila ma hannuna ne ya yi gaggawa. Na aika mata sha tara.

Ban ajiye wayar ba ta kira. "A fizga ta nawa ya faru?"

Na ce ta sha huɗu. Na ji tana rubutawa. Sai da ta gama tambayoyinta kaf sannan ta ce, "Ina wuni, Baba."