Golan Aro

A ɗakin sa kaya na filin hokin ƙanƙara a Winnipeg, Darcy ya zuba wa golan da ƙungiyarsu ta aro yau ido, haushi kamar ya kashe shi. Dattijo ne mai furfura da tumbi. Ya sunkuya yana nishi, yana zura igiyar katifar da ke kare ƙwaurinsa ta ƙarƙashin takalmi. Ya ƙulla, ya gwada da yatsa, ya kwance. Darcy ya ce a ransa, lallai matar wannan ta sha jira a mota.

"Baba, lokacinmu fa yana tafiya!"

"In igiyar ta ɗame, gwiwata ce za ta tafi, ba taka ba."

Sai da ya ɗaure komai tsaf, ya miƙe kamar rumbu, sannan ya waiwayo.

"Yaro, ina banɗaki?"