Rumbun da Muka Ɓoye Rabi

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Madam Rahila, maƙwabciyata a nan Tawa, tsohuwar malamar lakol, wato makarantar boko, ita ke rubuta wannan magana, don ni ban san baƙi ba. Ta ce in fara da sunansa. Na ce shekara arba'in da 'yan kai na yi a ɗakinsa ban kama sunan nan ba, ba kuwa yau zan fara ba don yana kwance ƙarƙashin ƙasa. A ƙauyenmu, arewa da Barmu, Wanzam ake ce masa. Wannan ya isa.

Har yanzu ina kukansa, ba na jin kunyar faɗa. Zabirarsa na rataye bisa gadona, asaken ciki sun yi tsatsa. In aka yi suna a unguwa na ji kukan jariri a hannun mai aski, sai in shiga ɗaki.

Amma ba yabonsa kaɗai na zo yi ba. Shi kansa ba zai yarda a ba da labarinsa a tsallake rumbu ba.

Muna da ƙuruciya lokacin. Mai shela ya zagaya ya ce gobe masu allurar rigakafi za su sauka gindin gawo, kowa ya kawo yaransa. Wanzam ya ɓata rai. An daɗe ana raɗe-raɗin allurar tana hana haihuwa, amma ni da na san cikinsa na san ba wannan ne kaɗai ba. Tun kakanni, in jikin yaro zai ga ƙarfe, hannun gidansu ne ke riƙe da shi. Yau ga baƙi da akwatin ƙanƙara, ko gaisuwa ba su aiko masa ba. An ce wanzami ba ya son jarfa.

Da safe ya jingina tsani, ya zura yaranmu biyu cikin rumbun hatsi, Idi mai shekara biyar da Rabi mai uku. Ni na miƙa masa su, da hannuna. Na ba su gumba don su yi shiru. Rabi ta ɗauka wasan ɓuya ne, muna jin dariyarta daga ciki. Maƙwabcinmu Tanko ya ce in dai Wanzam da ya san jiki ya ɓoye nasa, shi wane ne. Shi ma ya hau nasa rumbun, ya zura yaransa. Da motar masu allurar ta tashi muka fito da su, kan Rabi duk ƙaiƙayi, na zauna ina tsince mata shi muna dariya.

Da bazara ƙyanda ta shigo. Babu abin da Wanzam bai yi ba, jiƙo, hayaƙi, rubutu. Idi ya tashi. Rabi ba ta tashi ba. A gidan Tanko manyan yaran suka kwanta suka warke, amma suka shafa wa jaririn goye, wanda ko lokacin allurarsa bai kai ba, wanda Wanzam ya yi wa askin suna da hannunsa. Shi ma ya tafi. Yaran da aka kai gindin gawo kuwa, yawancinsu suna ta wasansu a waje.

Mun san rai na Allah ne. Amma ranar sadakar uku Wanzam ya ce mini, “Tawa ɗiyar na iya cewa ƙaddara. Ɗan Tanko fa? Ni na nuna musu tsani.”

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a da ba a san wanzami da ita ba. Duk gidan da ya je askin suna, kafin ya buɗe zabira sai ya ce a kawo masa karne, wato takardar nan ta likita. Bai iya karatu ba. Layukan da aka cika da biro yake ƙirgawa da farce, wani lokaci ma a kife yake riƙe da ita. Tsofaffin mata na yi masa tsiya, wai ga lokotoro ya iso, a ba shi kujera. Sai ya ce ai lokotoron da ake biya da goro ya fi sauƙi. In babu karne, ba ya ƙin aski, ba ya kuma kunyata kowa a gaban jama'a. Sai ya ja uban yaron zaure, su biyu, ya ba shi labarin rumbu. Ya maimaita labarin nan a zauruka da yawa, har wajen Affala, amma a cikin gidanmu bai taɓa ɗaga shi ba, ni ma haka.

Masu allurar ma bai ƙyale su ba. Wata rana ya ji wani daga cikinsu yana yi wa mata tsawa a layi. Ya jira aka watse, sannan ya gaya masa cewa mai taɓa ɗan mutane da ƙarfe sai ya fara neman yardarsu, ya kuma faɗa musu gaskiya: jikin yaro zai iya yin zafi, wurin zai iya kumbura, zai wuce. Ya ce uwar da aka ɓoye wa wannan, in ta ga zazzaɓi ba ta sake dawowa.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Likita, wato asibiti, ta zo kusa, yara ba sa faɗuwa kamar da, har matasa sun manta kamannin ƙyanda. Jita-jita kuwa ta bar bakin rijiya ta koma cikin waya.

A bara jikana Sani, ɗan marigayi Idi, ya tafi biɗa Abijan, ya bar mini matarsa Hassana da jariri. Sunan maigidana aka sa wa yaron, don haka nake ce masa Maigida. Da ya cika wata tara lokacin allurar ƙyanda ya yi, sai Sani ya aiko saƙon murya cewa ya ji magana a waya, kar a kai masa ɗa. Hassana ta ce mu tafi kawai, Abijan da nisa, wa zai gaya masa? Har na ɗauki mayafi, sai na ajiye. Ɓoyo ne ya ci mu a da, ban ga yadda za a gyara da wani ɓoyon ba. Ɗansa ne, kuma tsoro ne ya sa shi, irin wanda na sani.

Na ce ta danna mini wayar. Na ce, “Sani, kakarka ce. Ubanka yana da ƙanwa, sunanta Rabi. Ba a taɓa gaya maka ba.” Na faɗa masa tsani, da gumba, da ƙaiƙayi, da ɗan Tanko. Kuka ya sha kaina sau biyu, na ce kar ta goge.

Kwana uku shiru. Ina kallon Maigida yana rarrafe yana jan zanena. A rana ta huɗu saƙo ya zo, gajere: “Kaka, ku kai shi. Ki riƙe shi da kanki.”

Ni na riƙe shi. Ya tsala kuka, ya harare ni kamar mai sunansa in fura ta yi tsami. Jikinsa ya ɗan yi zafi, ya wuce.

Wanzam bai bar shanu ba, gonar ma an raba. Cikin waɗanda ya yi wa aski akwai masu 'ya'ya yanzu da ba su san don me ya riƙa neman takarda ba, kuma ba sai sun sani ba, tun da suna raye. An ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Shi ya juyo da tasa gaba, ya nuna wa kowa don kar wani ya sake hawa tsanin nan. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Rabi.

Karnen Maigida yana cikin zabira, tare da asake. Jiya na fito da shi na ƙirga layukan da farce. Hassana ta leƙo ta ce, “Kaka, a kife kika riƙe.” Na ce ta bar shi haka.