Ciyawar Uwargida da Babur ɗin Likitan Shanu

Shekarar da gero ya ƙi a Dundaye, na bar gonata a hannun wana, na shigo Sakkwato neman abin da zan ciyar da iyali. Wani dattijo ɗan garinmu yana yi wa Baturen likitan shanu aikin kuku a bariki. Shi ya kai ni, aka ɗauke ni gadina, wato mai kula da lambu.

Matar Baturen, wadda muke kira Uwargida, ta nuna mini filin da ke gaban baranda, ta yi ta magana da harshenta. Kuku ya ce ciyawa take so, koriya shar, a kwance kamar shimfiɗa. Na zaci ban ji daidai ba. Ni da na tashi da hauya a hannu ina kashe ciyawa, yau ni za a sa renonta. Amma na tafi fadama na haƙo ciyawar kirikiri, na dasa layi-layi, na zuba takin awaki. Safe da la'asar ina ɗauke da garwa biyu daga rijiya, har kafaɗata ta yi kanta. Da ciyawar ta haɗe, Uwargida ta fito ta tuɓe takalmi ta taka ta, idonta ya ciko da hawaye. Kuku ya ce gida ta tuna.

Ana nan sai aka kawo wa Maigida, wato Baturen, babur, don ya riƙa zagaya rugage. A duk gidan inuwa ɗaya ce mai kyau, ta tsamiya, ita kuwa tana tsakiyar ciyawata. In ya dawo ba ya tsayawa a hanya, sai ya hau kan ciyawar ya yi kwana, taya ta ɓantare ƙasa. Ƙafar ƙarfen da yake kafe babur ɗin da ita ta nutse cikin danshi. Baƙin mai ya yi ta ɗiga, duk inda ya taɓa sai wurin ya ƙone.

Uwargida ta kira ni ta nuna tabon da yatsa. Na nuna babur. Ta juya kai kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da yi mini faɗa.

Na sami kuku a kicin na ce, "Baba, ka hwaɗa mishi mana. Kai ka san harshensu."

Ya ce, "Ɗana, ita da ke kwana ɗaki guda da shi ba ta hwaɗa ba, ni za ni hwaɗi? Ka yi dabara dai."

Na yi dabara. Na ɗauko faffaɗan dutse na kafa a gindin tsamiyar don ƙafar babur ta hau kai, na ajiye kasko ya tari mai. Washegari inuwa ta gusa, shi ma ya gusa, ya tsaya taku uku daga dutsen. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma, taya ta naɗe ta. Sai na kwana biyu ina kafa rumfar kara da zana a bayan kicin, na daɓe ƙasanta da tsakuwa. Da ya dawo na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ga ɗakin babur." Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce da Hausarsa, "Wuta. Ba kyau." Ya koma gindin tsamiya.

Rana ɗaya da ya shiga cin abinci na ce bari in tura abin da kaina. Ban san haka yake da nauyi ba. Ina ɗaga shi ya rinjaye ni, muka zube tare, ƙarfensa mai zafi ya toye mini ƙwauri, fitilar gaba ta fashe. Maigida ya fito da cokali a hannu. Bai doke ni ba. Ya dai ce ta bakin kuku kada hannuna ya sake taɓa babur ɗinsa.

Daga nan abin da ya rage mini shi ne faci. Ya fita, in haƙe inda ciyawa ta mutu, in dasa sabuwa, in yi ban ruwa. Ya dawo ya taka. Ina tsaye da garwa ina kallo, Uwargida ma tana kallo ta taga.

Da bazara ta tsananta rijiya ta ja baya, filin ya koma dabbare-dabbare. Wata safiya kuku ya same ni ina tsugune da ɗan magirbi. Ya ce Uwargida ta ce hannuna ba ya karɓar shuka, an samo wani gadina daga Ƙofar Atiku.

Na ce, "Shi ma ai babur ɗin za ya iske."

Ya ce, "Na sani."

Na naɗe tabarmata na kama hanyar Dundaye ina ɗingishi. Na isa ana kiran azahar, matata ta dubi ƙafata ta je ta jiƙa bagaruwa don wanke ƙunar.