Ranar da Muka Ja Ɗaki Zuwa Daji

Shekarun baya, a shekarar da mahaifina ya yi ritaya, ya ɗauko mana wata tafiya da ba wanda ya so ta a gidanmu sai shi kaɗai.

Aikin safiyo ya yi a ma'aikatar ayyuka. Tun ina ƙarami na san shi kamar baƙo a gidansa: ya zo ya ɗan kwana biyu, ya sake komawa daji wurin auna hanya. Mahaifiyata ce ta riƙe mu a gidanmu na unguwar Limancin Kona. Ita ce kai mu asibiti, ita ce zuwa makaranta, ita ce ba da haƙuri idan mun fasa wa ɗan wani kai. Da ya ajiye aiki ya dawo gida gaba ɗaya, sai muka ga abin da ba mu zata ba. Mutanen nan biyu ba su san yadda za su zauna tare ba. Ba faɗa suke yi ba. A gaisa da safe, a kai masa abinci zaure, a je a ɗauko kwano, shi ke nan. Ya rame, ya daina fita majalisa, hawan jininsa ya ƙi sauka. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ɗa ba ya shiga irin wannan magana.

Wata rana ya ce in raka shi tsohuwar ma'aikatarsu. A bayan harabar, cikin ciyawa, ya nuna mini wani ɗaki na ƙarfe mai tayoyi biyu, irin wanda ake ɗaura wa mota ta ja. Ya yi tsatsa, ƙadangaru sun mai da shi gida. An sa shi a gwanjo, shi kuwa ya riga ya saya.

"A cikin wannan na yi yawancin aikina," ya ce, yana shafa jikinsa kamar mai shafa doki. "Zan gyara shi in kai Hajiya daji ta gani."

Na ce, "Baba, ka gaya mata?"

Ya ce, "Kai za ka gaya mata."

Da na gaya wa mahaifiyata tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai "kai".

"Kai, je ka ce wa Malam ni da ɗakina. Wanda ya saba da daji ya je ya gaishe shi."

Ɗakin bai iya shiga lungunmu ba, don haka a wani fili kusa da ganuwa aka ajiye shi. Nan mahaifina ya koma da zama. Ya kawo mai walda, ya kawo kafinta, shi da kansa ya yi fenti. Mutumin da ba ya cin rabin kwano sai ga shi yana aikowa a ƙaro tuwo. Ina jin wannan ne ya sauko da mahaifiyata. Wata safiya ta ce mini, "In dai abin nan ne zai sa ya ci abinci, to a je. Amma kwana ɗaya. Kuma da tukwanena zan tafi."

Ni aka ɗora wa tuƙi. Na aro a-kori-kura a wurin abokina, na cika baki cewa jan ɗaki ba wani abu ba ne. Ashe idan ka yi ribas da irin wannan abu, ka juya sitiyari dama sai shi ya nufi hagu. Unguwa ta taru. Wannan ya ce "karya kan", wancan ya ce "a'a, miƙe", liman ma da ya fito daga masallaci sai da ya ba da tasa shawarar. Na yi gaba, na yi baya, na yi zufa, daga ƙarshe na kwantar da rumfar mai shayi. Mahaifiyata tana zaune a gaban mota da carbinta, ta ce a hankali, "Tun ba mu bar birni ba ke nan."

Mun nufi wani gandun daji na gwamnatin jiha, tafiya mai nisa, a farkon damina. Mahaifina bai yi shiru ba tun daga unguwar Tukur-Tukur. Kowace gada sai ya ce da shi aka auna ta, kowane gari sai ya faɗi sunan mai garin da ya ba su masauki. Na lura mahaifiyata ma ba ta yi barci ba.

Bayan la'asar muka isa. Ma'aikacin gandun ya nuna mana fili ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya, ya ce mu kula da gwaggon biri, kada mu bar abinci a waje. Muka amsa da to. Ina kwance ƙugiyar ɗakin daga mota, mahaifina yana fama da risho, sai muka ji salatin mahaifiyata. Wani ƙaton biri ya sauko ya sungumi kwanon dambun naman da mahaifiyata ta yi kwanaki tana haɗawa. Ni da na fi kowa ƙarfi a wurin, gaskiya mota na shige na rufe ƙofa. Mahaifiyata kuwa ta zari muciya ta bi shi.

"Ajiye! Ajiye, ɓarawon banza!"

Bai ajiye ba. Ya hau reshe ya zauna yana ci yana kallonta. Sai na ji mahaifina yana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da riƙe ciki. Ta juyo za ta yi masa faɗa, sai ita ma ta ƙyalƙyale.

Ba a jima ba hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi. Muka kwashe kaya muka shige ɗakin mu uku. Sai a lokacin mahaifiyata ta shiga cikinsa, domin duk gyaran da ake yi ta ƙi zuwa ta leƙa. Wuri ne da idan ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Ɗan gado siriri, ɗan teburi, taga kamar faranti. Ga kwanon rufi yana ƙara kamar ana zuba masa tsakuwa, kuma duk waldar da aka yi bai hana shi yoyo ba. Tukwanen da muka yi mata dariya a kansu, su muka jera muna tarar ruwa.

Ta zauna a bakin gadon ta daɗe tana dube-dube. Ta danna katifar da hannu. Sannan ta ce, "Malam, a nan kake kwana?"

"A nan."

"Duk shekarun nan?"

"Wannan ai an gyara shi. Da ko katifa babu, tabarma ce a kan katako."

Ni kuwa na duƙufa ina gyara zaman tukunyar da ba ta bukatar gyara.

Ta ce, "Ni fa na ɗauka hutawa kake yi. Idan yaran nan suka hana ni sakat, sai in ce shi yana can ya miƙe ƙafa, ana dafa masa, ba kuka ba rigima."

Ya ce, "Ni kuma idan ruwa irin wannan ya kama ni, sai in ce ita tana can cikin 'ya'yanta, ana hira ana dariya, ba wanda ya tuna da ni."

"Dariya?" ta ce. "Ranar da wannan ya yi ƙyanda," ta nuna ni da haɓa, "ni kaɗai na goya shi zuwa asibiti cikin ruwa. Ban taɓa gaya maka ba."

"Me ya sa?"

"Kana zuwa a gajiye. Kafin in buɗe baki ka koma."

Mahaifina ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Kai ma ka yafe mini. Na zage ka a zuciya ba adadi."

Ya ce, "Na ji a jikina."

Suka yi dariya, tana share ido da bakin mayafi. Ni dai na ga ɗakin ya yi mini kaɗan. Ruwa bai gama ɗaukewa ba na ce zan je in duba mota, na fita na bar su. Da magariba ta yi muka yi salla a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, muka ci gurasa da shayi, tunda biri ya gama da naman. A mota na kwana, sauro ya yi yadda ya so da ni.

Da safe na tarar da su zaune a kan tabarma ɗaya a bakin ɗakin, suna shan koko, yana nuna mata sawun wasu dabbobi da suka wuce wajen rafi. Na gaishe su, na ce bari in fara ɗaura kaya tun rana ba ta yi ba.

Mahaifiyata ta ce, "Kai, saurin me kake yi? Wa ke jiranka?"

Sai da muka ƙara kwana.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Sun ci gaba da 'yan saɓaninsu, ita da mita, shi da taurin kai. Amma ya daina cin abinci a zaure. Idan na shigo da yamma sai in same su a tsakar gida, tana gyaran zogale, yana ba ta labarin garuruwan da bai taɓa ba ta ba. Haka suka yi sauran shekarun da Allah ya ba shi.

Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne, na girma ina ganin su uwa da uba kawai, ban taɓa tunanin mutane biyu ne da kowannensu ya sha kaɗaicinsa a ɓoye, yana zaton ɗayan yana jin daɗi ba. Yanzu da ni ma aiki yake raba ni da iyalina, idan na dawo ba na fara ba da labarin gajiyata. Ina fara tambayar matata yadda ta yi, kuma ina zama in ji amsar.

Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mahaifiyata tana nan, ta tsufa, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya ji labarin dajin nan. Sai dai a bakinta labarin ya ɗan sauya. Cewa take yi ita ce ta matsa wa Malam sai da ya kai ta, shi ne ma yake ta jan ƙafa. Idan ta faɗa sai ta dube ni ta ce, "Kai, ba haka aka yi ba?"

Ni kuwa in ce, "Haka aka yi, Inna."