Buhun Gyaɗata

Shekarar da na faɗi jarrabawar burube na baro lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida daga Magariya da wata murya a salulata, wadda wata ƙawata ta tura min. Labarin wani attajiri ne mai masana'antu, wanda aka ce da talla a tire ya fara. Mai ba da labarin ya yi ta nanata abu biyu: mutumin bai taɓa sayar da kaya ɗanye ba sai ya sarrafa, kuma bai taɓa cin jarinsa ba. Na saurara har na haddace. A garinmu kuwa, can wajen Dogo-Dogo, gyaɗa da ɓawonta ake loda wa 'yan kasuwa tun kaka, daga baya mu sayi mai a kwalba da tsada. Abin ya daɗe yana ci min rai.

Da aka cire gyaɗa na je na durƙusa gaban Baba, na ce ya ba ni buhu guda, ladan aikin da na yi a gona. Zan ajiye sai rani, in gyaɗa ta yi wuya in matse mai in kai kasuwa. Ya yi dariya, ya kira ni Hajiya mai kamfani, amma ya ba ni. Na ja buhuna na jingine a ɗakin Inna, na ɗinke bakinsa.

Ba a yi nisa ba na tarar an farke ɗinkin. Inna ta ce baƙi aka yi daga Waca, ba za su koma hannu rabbana ba. Na sake ɗinkewa. Aka yi rasuwa a maƙwabta, tiya ta fita. Matar liman ta haihu, wata ta fita. Kowa ya shigo ɗakin sai idonsa ya sauka kan buhun, daga nan gaisuwa ta yi tsawo. Na ce wa Inna wannan jari ne, ba abinci ba. Ta dube ni ta ce ita dai gyaɗa take gani.

Da buhu ya kusa rabi na ɗora shi a kabu-kabu na kai shagon baban ƙawata a Dungas. Ban yi shawara da kowa ba, don na san amsar. Sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta zo neman abin da za ta yi tuwon suna da shi, 'yarta ta sauka. Inna ta shiga ɗaki ta fito ba komai. Kafin la'asar gari duk ya ji wai 'yar lakwal ta kai abinci ajiya gidan bare don kada dangi su gani. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe buhun ya kwana a gidan nan.

Na dawo da shi, amma ban jira rani ba. Na ɓare, na soya, na kai inji, na zauna matsa ni kaɗai har hannuna ya kumbura. Wanda ya taɓa soya gyaɗa ya san ba a yin ta a ɓoye, ƙamshin har bakin rijiya. Ina cikin ɗura mai a jarka Gwaggo ta yi sallama, da 'yar kwalba a ƙarƙashin mayafi.

Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, na sayarwa ne.”

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, “'Yar nan, da kike lakwal a Magariya, ƙulin da ake aiko miki duk ranar kasuwa, daga buhun wa yake fita?”

Daga nata ne, na sani. Na ci, na raba wa 'yan ajinmu. Amma na riga na ga yadda rabin buhu ya tafi tiya-tiya, kuma na san in na zuba mata, kwalabe na nan tafe a bayanta. Na rufe jarkar. Ta mayar da kwalbarta ta fita, ba ta ko yi wa Inna sallama ba.

Man ya ƙare a kasuwar Dungas kafin azahar. Wata mai tuyar ƙosai har ta ce in riƙa kawo mata kullum. Na dawo ina jin kamar na fara hawa hanyar mutumin nan.

Da kaka ta zagayo na sake durƙusawa gaban Baba. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce gyaɗar gonarsa ta gida ce, wanda yake son tasa shi kaɗai ya nemi gonarsa. A gabana aka loda buhunan, da ɓawonsu.

Na sake kunna muryar nan ina neman inda na kauce. Akwai sammako, akwai haƙuri, akwai tsimi. Babu inda aka faɗi wa ya hana, ko wa ya daina amsa gaisuwarsa, ko a ɗakin wa ya ajiye buhunsa na farko. Ko dai ba shi da gwaggo, ko mai labarin ya tsallake wurin da na fi bukata. Gwaggo yanzu tana amsa min gaisuwa, a taƙaice, fuskarta na kallon wani wuri. Mai ƙosai ta samu wata mai kawo mata.