Kwamin da Gambo Ya Goge

Ni dai karatuna bai wuce tsawon kara ba. Malaminmu a Birnin Kudu ya ce kaina kamar bayan tulu yake, ko me aka zuba sai ya gangare. Abin da ya zauna kaɗan ne, kuma yawancinsa a gindin murhun kakata Iya Yalwa na tsince shi.

Da an ci tuwo sai ta tura itace wuta, ta ja zanenta. Ni kuwa aikina satar gyaɗar da take gasawa a toka.

"Kai, mijin banza, ba cefane sai sata," in ji ta. "Zauna ka ji."

Ta ce an yi wani masassaƙi a Kwandiko, Gambo, wanda akushinsa har ƙuda ke zamewa a kai don santsi. Wani bafatake da ya dawo daga Gwanja ya sauka gidansa, ya ce akwai zinariya a yashin kogin Gwaram. Ya nuna masa dabarar da ya gano a can: kwami dogo marar nauyi, wanda mutum ɗaya zai ɗauka a ka. A jingina shi kan duwatsu, a zuba yashi, a bi da ruwa. Yashi ya wuce, mai nauyi ya zauna. Baƙon ya sassaƙa masa ɗaya da hannunsa, cikinsa duk tsaga-tsaga, ya kama hanya.

Gambo ya dubi kwamin, kunya ta kama shi. "A ga wannan a ƙofata a ce aikina ne?" Ya ɗauki gizago ya baje tsagar nan kaf, ya goge, ya shafa man kaɗanya. Wuri ɗaya ne gizago ya kuɓuce masa ya yi rami, ya rasa yadda zai gyara, sai ya riƙa rufe shi da tafin hannu in mutane sun zo.

Damina guda yana bakin kogi. Matarsa ta ce, "Malam, ciyawa ta cinye geron nan." Ya ce gobe. Har aka yi girbi bai ga komai ba, rumbunsa kuma wayam.

Ranar da matar za ta faskara kwamin ta hura wuta, ta ga abu na ƙyalli a ɗan ramin nan. Ƙwaya uku, kamar gero. Sauran duk ruwa ya tafi da su, a gaban idonsa, wata huɗu.

"Sai ya yi arziki?" na tambaya, bakina cike da gyaɗa.

"Uku ba ta ciyar da gida," in ji Iya. "Autansu bai ga wata damina ba."

Ta tashi ba ta rufe tatsuniyar ba.

Sai a wurin zaman makokinta wani tsoho daga Maruta ya gaya mini Gambo mahaifinta ne. Autan kuwa a bayanta yake goye ranar da ya cika.

Yau na tsufa, bakina kuwa ya goge, ba wanda ban ba dariya ba a kasuwa. Amma in na laluba cikina, duk abin da ya wuce ta wurin santsin nan ya bi ruwa. Ɗan tsoron Allah da na samu, a inda duniya ta sare ni na same shi, wuraren da na yi shekaru ina rufewa da tafin hannu. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan yaron da ban taɓa tambayar sunansa ba.