Guɗar Kaka a Tsakiyar Kiɗa

Jiya wata maƙwabciyarmu a unguwar Ƙurban, nan ƙasar Hijaz, ta rangaɗa guɗa, sai Kakata ta faɗo mini a rai. Ita ce mai cewa, "Abu in ya yi daɗi, ba a barinsa ya wuce shiru."

Wata bazara aka kawo makaɗa hadiƙar unguwa, wato lambun shaƙatawa, kallo kyauta. Muka shimfiɗa darduma bayan magariba, ƙasa tana huci, iska tana ƙanshin shayi da na'ana'a. Masu goge sun cika dandali, hannuwansu suna tafiya tare kamar na mutum ɗaya. Kaka ta riƙe baki. "Ikon Allah! Duk yawansu ba mai riga wani?"

Can suka tsagaita, wuri ya yi tsit, kowa yana jiran su ci gaba. Kawai Kaka ta saki guɗa.

"Ya Sitti, aib!" in ji ƙanwata da Larabci, wai Kaka ta yi abin kunya, ita kuwa kamar ta nutse.

Sai matan Hijaz da ke bayanmu suka amsa wa Kaka da tasu guɗar, hadiƙa ta ɗauka. Shugaban makaɗan ya juyo, ya dafa ƙirji, ya rusuna.

Allah Ya jiƙanki, Kaka. Ranar shigarki Aljanna, Ya sa kada ta wuce shiru.